Kuɗin Kuran a Sabon Gida

Yau zancen kuɗin kuran za mu yi.

Ka kama haya a gari. Wata bai cika ba, sai ga faktir da kuɗi mai nauyi. Sau da yawa bashin wanda ya fita ne, ko kuwa an karanta kontar ba daidai ba. Kada ka yaga takardar. Kada ka taɓa waya: laifi ne, ga haɗari.

Ran da ka shiga gida, rubuta lambar da kontar ta nuna, gaban mai gida. Ka je biron NIGELEC a sa sunanka.

Faktir tana da lamba biyu, tsohuwa da sabuwa. Misali 1250 da 1290. Cire ƙarama daga babba, saura 40. Kilowat-awa 40 ka sha ke nan. In faktir ta ce 1390, kontar kuwa tana nuna 1290, an yi kure.

Ɗauki faktir da takardar haya, ka kai biro tun ranar biya ba ta wuce ba, don kada a yanke maka wuta. Roƙi a zo a sake dubawa. In ba a gyara ba, rubuta wa babban biro na Maraɗi. Bayansa akwai hukumar ARSE a Yamai, wadda aka kafa a shekarar 2015. Tana karɓar kukan masu amfani da wuta.

Wanda ya iya karanta lamba ba ya biyan bashin wani. Sai mako mai zuwa.