Yadda Amurka ke fifita tsofaffin sojoji da nakasassu a aikin gwamnati

Idan mutum biyu suka zauna jarrabawar neman aikin gwamnatin tarayya a Amurka, ba lallai ba ne wanda ya fi cin maki ya zo kan gaba.

Misali, idan farar hula ya ci maki 90, shi kuma tsohon sojan da ya nakasa a bakin aiki ya ci 82, doka ta ce a ƙara wa sojan maki goma. Ke nan ya koma 92, ya kuma sha gaban abokin takararsa.

Wannan tsari ne ya sa a farkon shekarun 2020, kusan kashi 30 cikin ɗari na ma'aikatan gwamnatin tarayyar ƙasar tsofaffin sojoji ne, alhali kuwa ba su kai kashi goma cikin ɗari na manyan mutanen Amurka ba.

Su ma nakasassun da ba su taɓa yin aikin soja ba suna da tasu ƙofar, sai dai ba ta kai ta sojojin ƙarfi ba.

Asalin tsarin

Batun ya samo asali ne daga yaƙin basasar Amurka. A shekarar 1865, wadda a cikinta yaƙin ya ƙare, majalisar dokoki ta zartar da cewa a fifita sojojin da aka sallama saboda rauni ko rashin lafiyar da suka samu a bakin aiki, muddin dai za su iya yin aikin da suke nema.

A 1883 aka kafa dokar da ta shigo da jarrabawa da cancanta cikin ɗaukar ma'aikata, shekaru biyu bayan da wani mutum da ya nemi muƙami bai samu ba ya harbe shugaba James Garfield. Amma wannan doka ba ta soke fifikon da ake bai wa sojoji ba.

Bayan yaƙin duniya na ɗaya an faɗaɗa fifikon, sannan a 1944 shugaba Franklin Roosevelt ya sanya hannu a kan dokar da har yanzu ita ce ginshiƙin tsarin, a daidai lokacin da ake shirin karɓar miliyoyin sojojin da za su komo gida daga yaƙin duniya na biyu.

Hujjar ita ce, wanda ya bar karatunsa ko sana'arsa ya tafi fagen daga, bai kamata ya dawo ya tarar tsararrakinsa sun yi masa nisa ba.

Wane ne ya cancanta?

Ba kowane tsohon soja ne ke samun wannan gata ba. Wajibi ne a ce ba korarsa aka yi daga aiki saboda wani laifi ba, kuma sai ya ci jarrabawar tukuna kafin a yi masa ƙari.

Wanda ya yi aiki a lokacin yaƙi ko wani farmaki da doka ta ambata, ana ƙara masa maki biyar. Wanda ya nakasa a dalilin aiki kuwa, ko ya samu lambar yabon da ake bai wa waɗanda aka raunata a fagen fama, maki goma ake ƙara masa.

A wasu lokuta matar sojan da ya rasu, ko mijinta idan mace ce sojan, ko kuma iyaye, kan gaji wannan fifiko.

Hafsoshin da suka yi ritaya daga muƙamin manjo zuwa sama ba sa samu, sai fa idan sun nakasa. Haka kuma fifikon bai shafi ƙarin girma ba, bai kuma shafi manyan muƙaman ƙoli na aikin gwamnati ba.

Inda ake kasa masu neman aiki rukuni-rukuni a maimakon ba su maki, ana sanya tsofaffin sojoji ne a saman rukuninsu. Idan kuma aka zo rage ma'aikata, suna daga cikin waɗanda aka fi bai wa kariya.

Abin da ya ƙara wa dokar ƙarfi shi ne ta ɗaure hannun mai ɗaukar aiki. Ma'aikata ba ta da ikon tsallake tsohon sojan da nakasarsa ta kai kashi 30 cikin ɗari, sai da amincewar hukumar kula da ma'aikatan tarayya. Wanda kuma yake ganin an tauye masa haƙƙi, wata doka ta 1998 ta ba shi damar kai ƙara ma'aikatar ƙwadago.

Ƙorafin mata

Ba kowa ne ke murna da tsarin ba. Shari'ar da ta fi yin fice a kansa ita ce ta Helen Feeney, wata ma'aikaciya a jihar Massachusetts, inda dokar jihar ta sanya duk tsohon sojan da ya ci jarrabawa a gaban kowa.

A 1971 ta zo ta biyu a wata jarrabawa, amma aka mayar da ita ta shida, a bayan tsofaffin sojoji biyar, dukansu maza.

Ta shigar da ƙara tana cewa dokar na nuna wa mata wariya, tun da fiye da kashi 98 cikin ɗari na tsofaffin sojojin jihar maza ne.

Sai dai a 1979 kotun ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai bakwai a kan biyu, ta ce dokar ba ta saɓa wa kundin tsarin mulki ba, domin an yi ta ne don saka wa sojoji, ba don a cutar da mata ba.

Shi ma shugaba Jimmy Carter ya nemi rage fifikon a 1978, amma majalisa ta ƙi, bayan adawar ƙungiyoyin tsofaffin sojoji.

Nakasassu fararen hula

Makaho ko kurma ko gurgun da bai yi aikin soja ba, ba a ƙara masa maki ko ɗaya. Abin da aka tanadar masa shi ne wata hanya ta musamman da ke bai wa ma'aikata damar ɗaukarsa ba tare da ya shiga gasa da sauran jama'a ba.

Hanyar ta shafi masu matsananciyar nakasa ta jiki, da masu larurar ƙwaƙwalwa. Mai nema zai kawo takardar shaida daga likita ko wani ƙwararre, kuma bayan shekaru biyu yana aiki yadda ya kamata, ana iya tabbatar da shi.

Amma dama ce aka bai wa mai ɗaukar aikin, ba tilas aka yi masa ba. Idan ya ga dama ya bi hanyar, idan bai ga dama ba ya ƙyale ta.

Wata doka ta 1973 ta umarci ma'aikatun tarayya da su tashi tsaye wajen ɗaukar nakasassu, amma sai da shugaba Barack Obama ya ba da umarni a 2010 cewa a ɗauki mutum 100,000 cikin shekaru biyar, kana aka ga ƙaruwa sosai. A 2016 gwamnati ta ce ta cika wannan adadi, kuma a 2017 aka gindaya wa ma'aikatu burin cewa nakasassu su kai kashi 12 cikin ɗari na ma'aikatansu.

A watan Janairun 2025, lokacin da shugaba Donald Trump ya soke shirye-shiryen fifita wasu rukunonin jama'a wajen ɗaukar aiki, umarnin nasa ya fito fili ya ce bai shafi fifikon tsofaffin sojoji ba.

Ina aka kwana a Najeriya?

Ita ma Najeriya tana da irin wannan tanadi. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya, wadda shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ta ce hukumomin gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu wajen ganin nakasassu sun kai aƙalla kashi biyar cikin ɗari na waɗanda suke ɗauka aiki.

A 2020 aka kafa hukumar kula da nakasassu ta ƙasa domin sa ido a kan dokar.

To amma ƙungiyoyin nakasassu sun sha kokawa cewa hukumomi da dama ba sa aiki da tanadin, suna kuma neman a riƙa hukunta waɗanda suka saɓa masa.