Ƙurar ma'adinai a Anka da Bukkuyum da kuma duniyar Mars

A farkon shekarar 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan mace-macen ƙananan yara a ƙauyukan Dareta da Abare da ke ƙaramar hukumar Anka, da 'Yargalma ta Bukkuyum, kuma bincike ya tabbatar cewa gubar dalma ce, wadda ta yi sanadin rasuwar yara kimanin 400. Dutsen zinaren yankin yana ɗauke da dalma mai yawa, kuma da yake a lokacin cikin gidaje ake kai shi, a daka a turmi ko a niƙa shi a bushe da injin niƙan hatsi, sai ƙurarsa ta kwanta a tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. An kankare ƙasar gidajen an zuba sabuwa, amma ƙauyen Bagega bai samu wannan aiki ba sai 2013, jinkirin da ke da wuyar karewa.

Wannan matsala ta raba ƙura da abin da ake son cirowa ita ma ta fuskanci injiniyoyin hukumar NASA ta Amurka lokacin da suka ƙera MOXIE, na'urar da ta sauka duniyar Mars cikin motar bincike ta Perseverance a watan Fabrairun 2021. Aikinta shi ne zuƙo iskar can, wadda kusan kashi 95 cikin ɗari nata kabon dayoksaid ne, ta ɗumama ta zuwa digiri 800 na Salshiyos, sannan ta yi amfani da lantarki ta ware oksijin, wato iskar da ɗan Adam ke shaƙa kuma man roka ke ci da ita. Kafin iskar ta isa ciki sai ta ratsa matatar HEPA, wani saƙaƙƙen zare mai kama ƙwayoyin da ido ba ya gani. Zuwa 2023 na'urar ta samar da giram 122 na oksijin. Sai dai irin wannan matata tana toshewa, iskar Mars kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin tamu ba, abin da ke sa ta wuyar ratsa matatar da ta toshe, don haka aka gwada wata dabara ta ɗora wa ƙura cajin lantarki domin ta manne a jikin ƙarfe.

A Zamfara hanyar ta fi araha, domin akwai abin da Mars ba ta da shi a sarari, wato ruwa. Jiƙa dutse yayin niƙa yana hana ƙura tashi, muddin an fitar da injinan daga gari, kuma maniƙa sun yi wanka sun sauya tufafi kafin su koma cikin iyalinsu.