A Duba Kafin a Yi Feshi: Ƙudan Fure Abokin Manomi Ne

A gonakin wake da lambunan fadama akwai wani ƙwaro mai ratsin rawaya da baƙi da yakan tsaya cak a iska a saman fure, fukafukansa na kaɗawa har ba a ganinsu, sai ya yi wuf ya koma gefe ya sake tsayawa. Da yawa in sun gan shi sai su ja da baya, a zatonsu rina ce ko ƙudan zuma, wasu ma su kai masa duka. Wannan shi ne ƙudan fure. Ba shi da ƙari, ba ya harbi, ba ya cizo, kuma 'ya'yansa na cikin manyan masu kashe darɓar da ke addabar wake, gyaɗa, dawa da kabeji. Rashin saninsa ya sa manoma da yawa suke kashe kuɗinsu wajen hallaka shi ba tare da sun sani ba.

Yadda za a gane shi

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Ƙudan zuma da rina fukafukai huɗu gare su, shi kuwa biyu kacal, kamar sauran ƙudaje. Idanunsa manya ne, sun kusa cinye kan gaba ɗaya, a yawancin mazan ma sun haɗe a saman kai. 'Yan ƙahonin da ke goshinsa galibi gajeru ne ƙwarai, na rina kuwa dogaye ne masu motsi. Sannan tsayuwar nan da yake yi a iska wuri guda ita ce babbar shaidarsa.

Rigar masu harbi da ya sa kariya ce. Tsuntsun da ya taɓa shan harbin rina ba ya sake kusantar abu mai ratsin rawaya da baƙi, ƙudan fure kuma sai ya tsira a inuwar wannan tsoron. Wani masani ɗan Ingila, Henry Walter Bates, wanda ya shekara 11 yana nazarin ƙwari a dajin Amazon, shi ya bayyana irin wannan kwaikwayo a 1862, har yau kuma da sunansa ake kiransa.

Ire-irensa da inda yake zaune

Masana suna kiran dangin nan Syrphidae, kuma sun ƙidaya kimanin nau'i 6,000. Ana samunsu a kowace nahiya in ban da Antatika mai ƙanƙara. A Afirka kudu da Sahara an san kimanin nau'i 600. Manyansu kusan abincinsu ɗaya ne, wato ruwan fure da garin fure. A tsutsotsinsu ne bambancin yake, kuma nan ne abin ya shafi manomi da mai gida.

Rukunin Syrphinae, da ƙaramin rukunin Pipizinae, tsutsotsinsu mafarauta ne, darɓa da makamantanta suke ci. A nan ne Ischiodon aegyptius yake, wanda ya bazu a Afirka kuma ana yawan samun tsutsarsa a kan wake. Rukunin Eristalinae ya fi kowanne gauraya: wasu tsutsotsin suna rayuwa a ruɓaɓɓen itace, wasu a taki da ruwan ƙazanta, wasu kaɗan kuma, kamar na Eumerus da Merodon, suna huda kan albasa da na wasu furanni su yi ɓarna. Rukunin Microdontinae kuwa a gidan tururuwa tsutsotsinsa suke girma, suna cin ƙwai da 'ya'yan masu gidan.

Wasu nau'o'in matafiya ne. Wani bincike da aka wallafa a 2019, wanda aka yi da na'urar rada a kudancin Birtaniya, ya ƙiyasta cewa a shekara guda ƙudajen fure da ke shiga da fita yankin kan kai biliyan 4, tsutsotsinsu kuma suna cinye darɓa da yawanta ya kai tiriliyoyi.

Abin da ke faruwa a bayan ganye

Duk manomin da ya juya ganyen waken da darɓa ta kama ya san abin da zai gani: ƙananan baƙaƙen ƙwari sun yi cincirindo a kan toho, ganye ya nannaɗe, ga danƙo mai maiƙo, ga tururuwa na kai da kawowa. Wanda ya ƙara zuba ido zai iya ganin wani farin ƙwai dogo, bai fi milimita guda ba, a ajiye shi kaɗai a tsakiyar taron. Macen ƙudan fure ce ta ajiye shi a nan da gangan. Cikin kwana biyu zuwa uku sai ya ƙyanƙyashe.

Tsutsar da ke fitowa ba ta da ƙafafu, ba ta da idanu. Launinta kore-kore ne ko ruwan ƙasa, bayanta da faɗi, gabanta da tsini. Tana tafe tana lalube da tsinin nan hagu da dama. Da ta taɓa darɓa sai ta soke ta, ta ɗaga ta sama, ta tsotse ruwan jikinta tas, ta yar da ɓawon, ta nemi ta gaba. Ta fi yin wannan aiki da dare. Kafin ta gama girma, cikin mako ɗaya zuwa uku, tsutsa guda takan cinye darɓa ɗaruruwa. Daga nan sai ta manne a ganye ko ta sauka ƙasa, ta zama wani ɗan ƙulli mai tauri, daga cikinsa sabon ƙuda ya fito.

Abin takaicin shi ne manomi in ya ga tsutsa a kan ganyen da ya lalace, ita yake ɗora wa laifi. Alhali wannan ba ta cin ganye ko kaɗan. Tsutsar da ke cin ganye da kwanson wake tana da ƙafafu da kai mai tauri da ake gani sarai.

Darɓa ba abin rainawa ba ce. Irin da ke kama wake, Aphis craccivora, ita ce kuma ke yaɗa kuturtar gyaɗa, cutar da a 1975 ta lalata kimanin hekta 700,000 na gyaɗa a arewacin Najeriya. Najeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen noman wake, don haka duk ƙwaron da ke rage darɓa kyauta ya cancanci a san shi.

Yadda feshin ganganci ke ƙara ɓarna

Yawancin magungunan ƙwari da ake sayarwa a kasuwanninmu ba sa zaɓe, duk abin da suka taɓa sai ya mutu. In aka yi feshi, darɓa za ta mutu, tsutsar ƙudan fure ma ta mutu. Sai dai darɓa ba ta buƙatar namiji kafin ta haihu, 'ya'ya take haifa kai tsaye ba ƙwai ba, kuma 'yar da aka haifa yau cikin kamar mako guda ita ma ta fara haihuwa. 'Yan kaɗan da suka ɓuya a cikin nannaɗaɗɗen ganye sun isa su sake cika gonar. Masu cinta kuwa sai sun ɗauki lokaci kafin su dawo. Shi ya sa za ka ji manomi na cewa ya fesa sau uku amma abin sai ƙaruwa yake, har ya fara zargin maganin jabu ne.

Ba ana cewa a daina feshi ba ne. Wake yana da wasu maƙiya a lokacin fure da kwanso waɗanda ƙudan fure ba ya taɓa su, kuma sau da yawa sai da magani. Abin da ake so shi ne a yi shi da lissafi. A zaga gona da safe a juya ganye a wurare daban-daban. In an ga tsutsotsin nan ko ƙwansu a cikin darɓa, kuma shukar ba ta galabaita ba, a dakata kwana biyu ko uku a sake dubawa. In darɓar a 'yan kunyoyi ta tsaya, a fesa nan kaɗai. A gwada ruwan 'ya'yan darbejiya kafin a kai ga magani mai ƙarfi. In feshin ya zama dole lokacin fure, a bari sai da yamma liƙis, sa'ad da ƙudajen fure da na zuma suka rage zirga-zirga. A bi ma'aunin da ke jikin kwalba, kada a ƙara da ka.

A kuma tanadar wa ƙudajen fure abinci. Mace ba ta iya yin ƙwai sosai sai ta ci garin fure, kuma yawancinsu bakinsu gajere ne, sun fi son furanni buɗaɗɗu. Mai lambu da ya bar 'yan karas ko albasa suka yi fure a bakin fage, ko ya ƙyale wasu furannin daji a kan iyaka, ya jawo su gonarsa. Masu mangwaro ma su sani cewa ƙudaje, har da na fure, suna cikin manyan masu kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan, don haka feshi lokacin da bishiya ta yi huda kan rage 'ya'ya.

Tsutsa mai wutsiya a cikin ruwa

Akwai gargaɗi guda da ya shafi gida. A kwata, da ramin wanka, da bakin masai, da kududdufin da kashin dabbobi ya shiga, akan ga wata tsutsa fara-fara mai kauri da doguwar wutsiya siririya. 'Yar ƙudan fure ce daga rukunin Eristalinae. Wutsiyar bututun numfashi ce da take miƙawa saman ruwa, domin ruwan da take zaune a ciki ya ruɓe har iskar shaƙa ta ƙare a cikinsa. Ita kanta ba ta cizo, tana ma taimakawa wajen narkar da ƙazanta. Amma ganinta a rijiya, randa ko tankin ruwa shaida ce cewa ƙazanta ta shiga ruwan. Kada a sha, kada a yi girki da shi. Likitoci sun taɓa samun mutanen da suka haɗiye ƙwai ko ƙananan tsutsotsin ta gurɓataccen ruwa har suka fito a bayan gida, ko da yake hakan ba kasafai yake faruwa ba. Wanda ya ga haka ya je asibiti. A yashe rijiyar, a binciko ta inda ƙazantar ke shiga, a rufe bakinta, a riƙa tafasa ruwan sha.

Iyaye da malaman makaranta su nuna wa yara ƙwaron nan su daina kashe shi. Manomin da ya ga tsutsar da bai gane ba kuwa, ya tsinki ganyen da take kai, ko ya ɗauki hotonta da waya, ya nuna wa malamin gona tun kafin ya je shagon magani.