Abu Ashara: Ɗan tandun man da ake sayarwa a kuɗin tagulla

Duk wanda ya saba bin rumfunan tsofaffin ƙarafa a Suki ko Sinnar, ko ya kai har Gallabat da ke bakin iyakar Habasha, zai iya cin karo da wani ɗan bututun tagulla mai tsawon yatsa, wanda murfinsa ke ɗauke da siririn cokali. Wasu kan ɗauka tandun kwalli ne, wasu kuma su aza shi a sikeli. Alhali kuwa tandun man bindigar Lee-Enfield ne, wadda mutanen Sudan ke kira Abu Ashara saboda harsashi goma take ci.

Wannan bindiga ta sojan Ingila ce, kuma samfurin da ya fi yaɗuwa ya fito ne a 1907. Ita ce dakarun Sudan suka riƙe lokacin da aka gwabza da Italiya a yankin Kassala da Gallabat a 1940 da 1941. A gindin ƙotarta akwai 'yar ƙofa, inda soja ke ajiye tandun tare da igiyar goge cikin bututu. Harsashin wancan zamani yana barin gishiri mai jawo tsatsa, shi ya sa ake kwarara tafasasshen ruwa a bututun bayan harbi, a busar, sannan a ɗiga mai da cokalin nan.

Inda 'yan kasuwarmu ke tafka asara shi ne wajen gyara. Mutum zai samu tandu ya yi duhu, sai ya sa toka da lemun tsami, wani ma har da zartu, don ya yi ƙyalli. To, masu tara kayan tarihi duhun suke so, da kuma tambarin da ke gindinsa, wato 'yar kibiya mai kama da sawun kaza, alamar kayan gwamnatin Ingila. Da zarar an goge ta, ya koma tagullar kilo. Baƙin tandu na roba shi ma ba jabu ba ne, a yaƙin duniya na biyu aka yi shi.

Haka maratayin. Na asali saƙar auduga ce mai kauri da ƙugiyoyin tagulla a bakunansa, kuma sau da yawa akwai shekarar da aka yi shi a jiki. Wanki da omo yana cinye rubutun. Buroshi busasshe ya isa.

Shi kuwa saiti, wanda aka zana masa lambobi daga yadi 200 zuwa 2000, shawarata ita ce kada a ma taɓa shi. Tandu da maratayi ba sa harbi, amma saiti sashen bindiga ne, kuma jami'in da ke shinge ba zai tsaya sauraron tarihin 1940 ba. Tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023, balle bayan da Suki ta faɗa hannun dakarun RSF a 2024 kafin sojoji su ƙwato ta a watan Oktoba, binciken kaya ya tsananta. Ko tandun ma, wanda zai tsallaka da shi Metema gara ya fito da shi fili ya nuna wa kwastan tun kafin a zazzage masa buhu.