Tallafin Talaka Zai Sauya Salo: Wa Zai Rubuta Sunayen, Kuma da Kuɗin Wa?

Tun watan Maris na 2025, da Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa ƙarancin kuɗi zai tilasta mata dakatar da taimako ga mutum miliyan 2 a tsakiyar Sahel da Nijeriya, maganar tallafi ta koma bakin kowa a jihar Tawa. Wasu na cewa an gama da kuɗin porje, kowa ya kama gabansa. Wasu kuma na cewa ba komai, ai gwamnati ta rage kuɗin likita da na mai, wannan ya maye gurbin wancan. Duka maganganun biyu ba su kama gaskiyar lamarin ba, kuma rashin fahimtar zai fi cutar da mutumin ƙauye a ƙaramar hukuma irin Tebaram fiye da mai albashi a Yamai.

Tsarin kansa ba shi da wuyar bayani. Bayan yunwar 2010, gwamnati ta kafa wani sashe a ofishin firaminista mai kula da tallafin marasa ƙarfi. An fara gwaji a jihohin Tawa da Tilaberi: gidaje 2,281 a ƙauyuka 52 suna karɓar jika 10 kowane wata, daga Janairun 2011 zuwa Yunin 2012. Bankin Duniya ya sa dalar Amurka miliyan 70 a 2011 aka faɗaɗa shirin, sannan a 2019 aka shiga zango na biyu mai suna Wadata Talaka, inda kuɗin wata ya kai jika 15 na tsawon watanni 24. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya sa bankin ya dakatar da fitar da kuɗi, sai a 2024 ya dawo. Inda aka dosa yanzu shi ne rajista guda ta ƙasa da kowane mai ba da taimako zai riƙa ɗaukar sunaye daga cikinta, da biyan kuɗi ta wayar salula, da kuma sakin tallafin fari tun kafin girbi idan ma'aunin tauraron ɗan Adam ya nuna damina ta gaza. Wato tallafin bai mutu ba, hannun da ke ba da shi ne ke ƙara ƙanƙancewa, hanyar zaɓen mai karɓa kuma tana sauyawa.

Shi kuwa rangwamen da aka yi, alheri ne, ba mai musu. Daga 1 ga Satumban 2024 an rage kuɗin ganin likita da rabi a asibitocin gwamnati, haihuwa ta zama kyauta. Amma ragi yana amfanar wanda ke da abin biya ne. Matar da rumbunta ya ƙare tun watan Afrilu, mijinta yana bida a Abijan ko Libiya bai aiko ba, rabin kuɗi da cikakken kuɗi duk ɗaya ne a wurinta. Haka yake ga hatsin da hukumar gwamnati ta OPVN ke sayarwa da sauƙin farashi: sai mai kuɗi a hannu ke shiga layi. Kuma ba mu manta ba, tun 2006 aka ce jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ce, sai bashin da gwamnati ta kasa biyan gidajen likita ya taru, magani ya ɓace daga kanta. Jami'in da ya tsaya gaban jama'a ya ce rangwame ya wadatar, bai faɗa musu gaskiya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ana maganar rajistar nan kamar aikin kwamfuta kawai, alhali takardar sunaye tana da dogon tarihi a Adar, nan ƙasar Tawa, tarihin da masu tsara shirye-shirye ba sa waiwaya.

Farkon takardar da hukuma ta rubuta sunan talaka a kanta a ƙasar nan ta haraji ce. Nasara ya ƙidaya kawuna don ya san nawa za a karɓa, ya ƙidaya dabbobi don jangali, daga takardar kuma ake ɗibar majiya ƙarfi zuwa aikin tilas har zuwa lokacin da aka soke shi a 1946. Uba ya koyi ɓoye ɗansa, makiyayi ya koyi kora garkensa daji ranar ƙidaya. Ko abin da aka kira taimako ta wannan ƙofar ya shigo. Tun 1910 Faransa ta kafa ƙungiyoyin tanadi a yankunan da take mulka a Afirka ta Yamma, daga baya shigarsu ta zama dole. Bayan yunwar 1931 da ta yi ɓarna a yammacin Nijar, aka matsa wa ƙauyuka su gina rumbunan tsimi, kowane magidanci ya zuba kasonsa na hatsi bayan girbi. A takarda dabara ce mai kyau, domin ƙasar da ta ga yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914 ta san darajar ajiya. Amma mabuɗin ba ya hannun mai hatsin. Manomi na kallon rumbun da guminsa ke ciki, 'ya'yansa na kwana da yunwa, ba shi da ikon buɗewa sai an ba da izini daga bariki. Shi ya sa rumbun tsimi ya shiga jerin abubuwan da talaka ya fi ƙi a zamanin mulkin mallaka, duk da cewa shi kansa talakan ya gaji ajiyar hatsin shekara da shekaru daga kakanninsa. Ajiyar ba ita aka ƙi ba, ƙwace iko a kanta aka ƙi.

Bayan samun 'yancin kai ma abinci bai rabu da siyasa ba. Cikin dalilan da Seyni Kunce ya bayar na kifar da Diori Hamani a Afrilun 1974 har da yadda aka yi da taimakon fari. A ƙarshen shekarun 1970, da kuɗin yuraniyom suka shigo, ya soke harajin kai na gwamnatin tsakiya, kuma zan iya cewa wannan na cikin manyan sauƙin da talakan karkara ya taɓa samu daga hukuma, domin ya bar masa damin hatsin da a da yake sayarwa da arha lokacin kaka don ya biya. Sai ga farin 1984, shekarar da mutane suka laƙaba wa suna El Buhari saboda rufe iyakar Nijeriya da gwamnatin Buhari ta yi. A wannan shekarar aka fara babban aikin raya ƙasa na Keita da kuɗin Italiya. Wanda ya bi hanyar Keita ya ga jerin duwatsu a gangaren tsaunuka da itatuwan da suka tsiro a fako, to ya sani yawancin hannayen da suka ɗauki duwatsun na mata ne, domin maza sun tafi bida. Ladansu abinci ne na Hukumar Abinci ta Duniya. Masaniyar tarihi Benedetta Rossi, a littafinta na 2015 kan Adar, ta bi diddigin wannan hanya tun daga zamanin bauta har zuwa zamanin taimako, ta nuna yadda ikon sarrafa ƙwadagon talaka ya riƙa sauya hannu. Matan nan sun farfaɗo da ƙasa, amma ba wadda ta fita da fansho ko wani haƙƙi da zai bi ta zuwa tsufa. Ranar da porje ya naɗe tabarmarsa, ladan ya tsaya.

Da wannan gadon kuɗin hannu ya iske mutane. An fara raba shi a Nijar a Tanut a 2005, ya yaɗu bayan 2010. Cibiyar bincike ta LASDEL da ke Yamai, ƙarƙashin jagorancin Jean-Pierre Olivier de Sardan, ta bi lamarin a wurare 5 wajajen 2013, kuma Tebaram na cikinsu, inda Umaru Hamani ya yi aikin. Abin da suka gano duk ɗan ƙauye ya san shi. Ana tara gari, a kafa kwamiti, a raba gidaje kashi huɗu daga mai hali zuwa matalauci na ƙarshe, a tafi da takarda. Bayan makonni sunaye su dawo, wasu sun fita wasu babu, ba mai iya bayyana dalili. A garin da kusan kowa ke auna tiya ɗaya-ɗaya a bazara, bambancin wanda aka ɗauka da wanda aka bari wani lokaci bai wuce akuya biyu ba. Sai zargi ya tashi: mai gari ya sa danginsa, wakilin porje ya ci wani abu.

Ranar biya kuwa, mata ne ke jeruwa cikin rana da katinsu a ƙulle a bakin zane, domin da sunan mace ake bayarwa. Ta dangwala yatsa, ta ƙirga, ta koma gida. A gidaje da yawa kuɗin na wucewa hannun maigida, shi zai je kasuwa ya auno hatsi. A wasu garuruwan kuma, da motar masu rabo ta juya baya, sai a tattara abin da aka samu a sake raba shi ga kowa. Masu ba da kuɗi na kiran wannan karya doka. Ni ina ganin jama'a ce ke gyara takardar da ba da ita aka rubuta ba, don kada maƙwabci ya daina gaida maƙwabci.

Kada a ɗauka ina cewa kuɗin ba su da amfani. Binciken da aka yi kan gidajen gwajin 2011, watanni 18 bayan an daina biya, ya nuna dabbobinsu sun ƙaru kuma matan sun ci gaba da zubin adashi. A nan jihar Tawa ne kuma, a 2010, ƙungiyar Concern ta raba kimanin jika 22 a wata har wata 5, wasu ƙauyuka a hannu, wasu ta salula, ta hanyar Zap na kamfanin Zain. Jenny Aker da abokan aikinta sun bi ƙauyuka 96, suka ga gidajen da suka karɓa ta salula sun fi cin abinci iri-iri da kashi 9 zuwa 16 cikin 100, domin matan ba su ɓata yini a tafiya da layi ba, kuma kuɗin sun shigo musu ba a bainar jama'a ba. Saboda haka komawa ga salula ba abin tsoro ba ne, muddin akwai layin waya da wakilin da ke da kuɗi a akwatinsa. A arewacin Tebaram, wajen Tiliya, inda aka kashe mutum 137 a harin 21 ga Maris 2021 kuma dubbai suka bar gidajensu, wannan sharaɗi ba ƙarami ba ne. Wanda ya gudo ba ya cikin takardar garin da ya bari, ba ya cikin ta garin da ya sauka.

Saura maganar da ake kauce mata: kuɗin wa? Kusan dukan abin da aka raba cikin shekarun nan daga waje ya fito, rance ko kyauta, shi ya sa takardar da aka sa wa hannu a Washinton ke iya kashe wuta a murhun wata tsohuwa a Adar. Ƙasar da ta ce ta karɓi ragamar kanta ba ta da hujjar barin cikin talakanta a hannun baƙo. Mun kuwa ga ana iya tara kuɗi a gida. Asusun haɗin kai don ceton ƙasa da aka kafa a Oktoban 2023 ya fara da cire dala 2 a kan kiran waya da sayen intanet, kuma matar Tebaram da ke kiran ɗanta a Aljeriya tana biya kamar kowa. Tana biyan harajin ƙaramar hukuma, tana biyan kuɗin kasuwa idan ta kai akuya. Mai biyan haraji ce, ba mai bara ba, kuma tana da ikon tambayar kaso nawa ke dawowa gare ta. Ya kamata kasafin kuɗin ƙasa ya ware layi na dindindin don tallafin, komai ƙanƙantarsa, a faɗi adadinsa a rediyo da Hausa da Tamashek da Fulatanci.

Ga hukumomin Tawa da masu riƙe da ƙananan hukumomi, aikin da ke gabansu ba ya jiran Bankin Duniya. Kafin suna ya shiga rajistar ƙasa, a karanta shi da ƙarfi a dandalin gari, a bar wa wanda aka tsallake wurin kai kuka da ba ƙofar wanda ya tsallake shi ba. A gaya wa mutane ƙarara cewa wannan rajista dabam take da takardar haraji, kuma a cika alkawarin. A faɗa wa kowace mai karɓa watan da kuɗin za su fara da watan da za su ƙare, don ta san ko tunkiya za ta saya ko iri. A gidajen da gari da kansa ya shaida ba su da komai, a yafe musu harajin shekarar fari maimakon a ba su da dama a karɓe da hagu. Masu karatu na birni da ke da iyaye a ƙauye kuma, ku daina jiran jita-jitar WhatsApp: ku je ofishin ƙaramar hukuma ku tambayi yaushe masu rubuta sunaye za su zo, ku tabbatar gwauruwa da makaho da wanda ya gudo daga Tiliya suna gari ranar, da katin shaidarsu a hannu, tun kafin ruwan farko ya sauka mutane su watse gonaki.