Wace Ƙwallo Ta Dace Da Injin Tanis?

Ya ku iyaye da malamai, ƙwallon tanis iri biyu ce. Akwai mai matsattsiyar iska, ta cikin gwangwani. Da an buɗe, iskar takan fita a hankali, bayan 'yan makonni ta daina tashi. Akwai kuma mai kaurin roba, wadda ƙarfinta a jikinta yake. Ita ce ta dace da injin jefa ƙwallo, balle a ƙasar Baure, inda yashi ke cinye gashinta tun ba a je ko'ina ba. Nauyin da aka yarda da shi giram 56 ne zuwa 59.4. Kada mu gauraya sabuwa da tsohuwa, gama injin zai jefa su barkatai, hannun yaro ya lalace. Kuɗin makaranta baikon ikkilisiya ne. Mu riƙe amana.