Voltron Da 'Yan'uwansa: Yadda Abin Wasan Yara Ya Zama Dukiyar Manya

A Amurka da Japan akwai magidanta, wasu har da furfura, da ke ware ɗaki guda a gidajensu domin jera 'yan mutum-mutumin roba na jaruman katun ɗin da suka kalla a talabijin suna yara. Wanda bai san tushen abin ba zai ce rashin aikin yi ne. Ni kuwa ina ganin ciniki ne da aka tsara da wayo sama da shekara arba'in da suka wuce, kuma akwai abin da ya shafe mu a cikinsa.

A 1982 kamfanin Mattel ya fito da mutum-mutumin He-Man. Sai a 1983 aka fara nuna katun ɗinsa, wanda kamfanin Filmation ya shirya har kashi 130. Wato kayan ne suka riga labarin zuwa, labarin kuma aka ƙirƙire shi domin ya sayar da kayan. Wannan ya zo daidai da zamanin Shugaba Ronald Reagan, lokacin da hukumar kula da kafofin sadarwa ta Amurka ta sassauta ƙa'idojin talla a shirye-shiryen yara. Da ƙofa ta buɗe sai kowa ya danno. A 1984 Hasbro ya ɗauko kayan wasan kamfanin Takara na Japan, motoci da jirage masu rikiɗewa su zama mutanen ƙarfe, ya raɗa musu suna Transformers, kamfanin Marvel kuma ya tsara musu sunaye da halaye. A fim ɗinsu na 1986 aka kashe babban jaruminsu, Optimus Prime, domin a samar wa sababbin kaya wuri a kantuna. Yara suka yi ta kuka, iyaye suka yi ta ƙorafi, ala tilas aka dawo da shi a 1987.

Mu ma guguwar ba ta bar mu ba. Duk wanda ya tashi a gidan da ke da talabijin a wancan zamani zai tuna Voltron a tashar NTA, zakunan ƙarfe biyar da ke haɗuwa su zama ƙato guda mai takobi. Asalinsa katun ɗin Japan ne mai suna GoLion na 1981, aka sake masa fasali a Amurka a 1984.

Yaran jiya su ne masu albashin yau, kuma a nan kasuwar ta biyu ta tsiro. A wajen masu tarawa, wanda ba a taɓa ɓare kwalinsa ba ya fi kowanne daraja. Idan takobi ko bindigar da aka haɗo shi da ita ta ɓata, farashi ya faɗi. Hasken rana na mayar da farar roba rawaya, shi ya sa ake ɓoye su a inuwa. Har akwai kamfanonin da aikinsu shi ne duba lafiyar kayan, su ba su maki, su rufe su cikin akwati mai garai-garai, saboda jabu ya yi yawa. A 2019 Hasbro ya nemi mutum 8,000 su biya kusan dala 575 kowannensu kafin ya ƙera ƙaton Unicron, kuma ya same su. Abin da mutanen nan ke saye shi ne ƙuruciyarsu, robar kuwa madogara ce kawai.

Na san mai karatu zai yi tunanin hukuncin mutum-mutumi a Musulunci. Malamai da dama sun yi rangwame ga 'yar tsanar yara bisa abin da aka ruwaito na wasan Nana A'isha, amma baligi ya jera su don ado magana ce dabam, wadda ta malamai ce. Don haka ba kira nake yi mu kwaikwayi tarin ba. Abin da ya dame ni shi ne, wanda ya mallaki labarin da yaro ke kallo ya mallaki wani yanki na zuciyarsa har tsufa, ya kuma mallaki aljihunsa.

Ba mu rasa jari ba. Tun 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro Kilba ya yi tafiya zuwa sararin samaniya tare da Kolin Koliyo. Ga Gizo da Ƙoƙi, ga Bayajidda, ga Sarauniya Amina. Ga kuma hannun yaran da ke ƙera motar kara da ta langa-langa ba tare da kowa ya koya musu a aji ba, sai dai da wuya ka ga gidan da ya adana ko guda.

Ina kira ga masu shirya fina-finai a Kano, da matasa masu zane a kwamfuta, da 'yan kasuwa masu jari, su zauna wuri guda su ɗauki ɗaya daga cikin labaran nan su mayar da shi katun mai inganci cikin Hausa. Gidajen tarihi irin su Gidan Makama kuma su nemi kayan wasan yaranmu na gargajiya su adana tun masu iya ƙera su suna raye. In ba haka ba, nan da shekara talatin 'ya'yanmu za su nemi abin tuna ƙuruciya, su tarar sai da dala ake sayensa.